Yadda Harafi Ɗaya Na Kanuri Ya Tona Rikicin Rumbunan Manhaja

A shekarar 1975 ne Hukumar Harshen Kanuri ta zauna a Maiduguri ta amince da daidaitacciyar ƙa'idar rubutun harshen, bayan aikin wani kwamiti da Wazirin Borno Abba Sadiq ya shugabanta. Cikin haruffan da aka tsayar akwai ǝ, wanda ke tsakiyar kalmar fǝr, watau doki. Ko yaron firamare zai ce haruffa 3 ne a kalmar. To, amma da za a tambayi tsohon harshen kwamfuta mai suna Python 2, sai ya ce 4.

Dalili shi ne wannan tsohon harshe yakan ƙirga gurabun ajiya ne da ake kira bayit, kuma a tsarin da aka fi amfani da shi harafin ǝ yana cin gurbi biyu, haka nan ƙ da ɗ da ɓ na Hausa. Idan manhaja ta yanke suna a tsakiyar irin wannan harafi, sai ya fito a takarda a dagule, mai sunan ma ba zai gane kansa ba.

Domin gyara irin wannan matsala ne Guido van Rossum, mutumin Holan da ya ƙirƙiro harshen, da abokan aikinsa suka fito da Python 3 a watan Disamba 2008. Gyaran ya yi kyau, sai dai ya zo da tsada, don manhajojin da aka rubuta bisa tsohuwar ƙa'ida da yawa sun ƙi tashi a sabuwa. Har lissafi ya sauya: raba 5 gida 2 a da yana ba da 2, yanzu kuwa 2.5.

Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu kula da rumbunan manhaja. Shi rumbu tarin ayyuka ne da aka riga aka rubuta, kowa ya ɗiba ya ɗora nasa ginin a kai. Mai rumbu ya zama kamar mai injin niƙa guda a unguwa: in ya koma sabuwar ƙa'ida ya bar tsofaffin masu hulɗa a rana, in ya tsaya kan tsohuwa sababbi su guje shi. Masu manhaja suna jiran rumbuna su ƙaura, masu rumbuna kuma suna jiran jama'a su fara. Haka aka yi ta kallon-kallo shekara da shekaru.

Dabarar da ta taimaka ita ce wani ɗan rumbu mai suna six da Benjamin Peterson ya rubuta, sunan kuwa daga 2 sau 3 ya samo asali. Aikinsa ya duba wace ƙa'ida ce ke aiki a na'urar, sannan ya bi da umurni ta hanyar da ta dace, ta yadda rubutu ɗaya zai yi aiki a gida biyu. Duk da haka sai da aka ɗage ranar yin ban-kwana da Python 2 daga 2015 zuwa 1 ga Janairu 2020.

Masu harshen C++ kuwa wata hanya suka bi, wadda a gaskiya ta fi sauƙi ga mai amfani, ko da yake ta fi nauyi ga mai kula. Lokacin da ƙa'idar 2011 ta tilasta sauya yadda ake ajiye rubutu, masu GCC ba su zubar da tsohon tsarin ba. A fitowar 2015 sai suka haɗa tsoho da sabo cikin rumbu guda, kowanne da sunansa na ɓoye, don kada manhajar da aka gina tun da can ta rushe.

Ɗalibin da ya gaji tsohuwar manhaja a yau, a Jami'ar Maiduguri ko a wani wuri, yana da gwaji mai arha kafin ya amince mata da sunayen mutane: ya ba ta kalmar fǝr ta ƙirga.