Yaro ba ya cewa "ba na gani": mu ne za mu lura

A makarantunmu na zango, daga Nima da Mamobi a Accra har Aboabo a Kumasi, akwai irin yaron da kowa ya sani. Kullum hancinsa na kan littafi, yana ƙanƙance ido in an yi rubutu a allon bango, yana rikita ba da ta da sa. Sai a ce daƙiƙi ne. Alhali haruffan nan uku ɗigo ne kawai ya bambanta su, kuma sau da yawa ɗigon ne ba ya gani.

Ƙaramin yaro ba ya kawo ƙarar idonsa, domin a zatonsa haka kowa yake ganin duniya. Na ga wannan a gidanmu. 'Yar ƙanwata tana shekara biyar malamarta ta lura tana karkata kai in za ta kalli abu. Da aka gwada ta a asibiti aka rubuta mata tabarau, sai kakarta ta ce, "Kai! Ni da na haifi uwarta ban sa ba, sai wannan 'yar ficiciyar? Ai ƙara kashe mata ido zai yi."

Wannan tsoron ya yaɗu a cikinmu, amma ba shi da tushe. Tabarau ba ya raunana ido. Haɗarin yana cikin jinkiri. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idan ido ɗaya yana aika mata hoto dishi-dishi, sai ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. In aka gano da wuri, tabarau yana gyarawa, wani lokaci tare da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi a rana don ragon ya yi aiki. In aka bari yaro ya girma, gyaran yana wuya ƙwarai.

To, me za mu duba? Yaron da ke matsawa jikin talabijin, ko yawan murza ido, ko kukan ciwon kai bayan karatu, ko rufe ido ɗaya. Harara-garke ma kada a ce "zai daina in ya girma". Shi kuwa farin abu a tsakiyar ƙwayar ido, ko da a hoton waya aka hango shi, a tafi asibiti ba ɓata lokaci, don yana iya zama yana ko ciwon daji.

Asibitin Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a Kumasi duk suna da sashen ido. Katin NHIS yana ɗaukar gwajin, amma kuɗin tabarau daga aljihu ne, sai a tafi da shiri. Kada a tsorata in an ɗiga wa yaro magani kafin gwaji, ganinsa ya dushe na ɗan lokaci. Hakan ne ke ba da awo daidai. Tabarau na kan tebur a Makola ko Kejetia kuwa na karatun manya ne, ba a auna shi da idon ɗanka ba. Nono ko ruwan sukari ba maganin ido ba ne, kuma wasu nau'o'in kwalli suna ɗauke da dalma mai cutar da yara.

Roƙona ga malamanmu: kafin a ɗaga bulala, a dawo da yaron gaba. A sa shi ya rufe ido ɗaya ya karanta daga nesa, sannan ɗayan. In an ga bambanci, a kira iyayensa a ranar. Iyaye kuma, in an ba da tabarau, a tabbata yana sawa, a tsawatar wa masu yi masa dariya, a koma asibiti ranar da likita ya sa.