Ƙaramin zalɓen fadamar Makarfi: yadda ake samun hotonsa

Duk wanda ya ratsa fadamun Makarfi da Kudan da Ikara ya san balbela, domin ba ta ɓuya. Amma akwai wani ɗan uwanta da yawancin mutane ke wucewa ba su lura da shi ba. Shi ne ƙaramin zalɓen da masana ke kira Ardeola ralloides, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 47 ba. Idan yana tsaye a gefen ruwa, launinsa ruwan ƙasa ne mai kama da busasshen ganyen rake. Da zarar ya tashi kuwa, sai fukafukansa su bayyana fari fat, har mutum ya zaci wani tsuntsu ne dabam. Wasunsu a nan Afirka suke hayayyafa, wasu kuma daga kudancin Turai suke tsallako Sahara su yi hunturu a wajenmu.

Halinsa ne ke koya wa mai hoto dabara. Tsuntsu ne mai kwanton ɓauna: yakan daɗe a tsaye cik, ya maƙale wuya, yana jiran ƙaramin kifi ko kwaɗo ko fara. Saboda haka ba a binsa. Ana lura da inda ya saba tsayawa, a riga shi zuwa tun bayan sallar asuba, a zauna ƙasa cikin tufafi marasa haske, rana tana bayan mutum. Zaman ƙasan yana da muhimmanci, domin hoton da aka ɗauka daidai da idon tsuntsu ya fi wanda aka ɗauko daga sama rai nesa ba kusa ba.

Gilashin kyamara mai milimita 300 zuwa 400 ya wadatar. Idan ana son kama shi a lokacin da ya cafki abinci ko ya tashi, sai a sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, a kuma ɗan rage haske, in ba haka ba farin fukafukan zai wanke, gashin ya ɓace. Hazon hunturu yana dusashe hoton nesa, shi ya sa kusanci ya fi tsadar kaya amfani. Mai wayar hannu ma zai iya ɗora ta a kan madubin hangen nesa ya sami abin nunawa.

Kafin duk wannan, a nemi izinin mai gonar, a kuma gaida mai unguwa. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da aka tsinta ɓoye a cikin rake da doguwar kyamara yana iya shan tambayoyi, ko abin da ya fi haka.

Hoton yana da amfani bayan ado. Noman rani na ƙara matsowa bakin ruwa, maganin feshi kuma na rage kwaɗi da ƙwarin da tsuntsun ke ci. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma bayanan masu sa kai ne ginshiƙinsa. Hoto ɗaya mai ɗauke da kwanan wata da sunan fadama yana shiga wannan lissafi, don haka a tabbatar agogon kyamara daidai yake kafin a fita.