Hoto Na Tafiya, Murya Na Yankewa

Shirin namu na musamman a yau na masu gidajen kallo ne, da malaman makaranta, da ma'aikatan faɗakarwa da ke yawo da kwamfuta da talabijin ƙauye-ƙauye, tun daga Gidan Rumji da Tibiri, a bi babbar hanya a wuce Maradi, a shiga Agiye, har Gazawa da Gangara. Damuwa guda ce ta haɗa su. An jona kwamfuta da talabijin, hoto ya fito tas, fim ya yi nisa, sai murya ta ɗauke na daƙiƙa biyu ko uku, ta dawo, can kuma ta sake ɗaukewa. Ƴan kallo su ɗau ihu, "Mai gida, a ba mu murya!" Mai gida ya bubbuga bayan talabijin, washegari ya ɗora ta a babur zuwa wurin mai gyara. A ganinmu wannan tafiyar an yi ta da wuri. A yankinmu, in murya na zuwa tana tafiya, wayar haɗi da wutar lantarki ya kamata a fara tuhuma, talabijin ita ce ta ƙarshe.

Dalilin yana cikin yadda wayar HDMI take aiki. A 2002 aka fitar da tsarinta, kuma in ka leƙa bakinta a haske za ka ga ƙananan haƙora 19 a jere. Babu wani haƙori da aka ware wa murya ita kaɗai. Ana cusa muryar ne ƙunshi-ƙunshi a ɗan tazarar da ke tsakanin layukan hoto, su bi hanya guda tare. Kafin komai ya wuce, sai na'urorin biyu sun gaisa: talabijin ta sanar da kwamfuta cewa ga ta nan, ta faɗa mata girman hoton da irin sautin da take iya karɓa. Haƙori na 19 shi ke riƙe da labarin cewa talabijin na nan a jone. In ya saki ko da ƙiftawar ido ne, kwamfuta za ta ɗauka an zare waya, ta mayar da sautin kan ƴan lasifikanta, sai an sake gaisawa daga farko kafin murya ta dawo. Daƙiƙun nan na shiru da ke tunzura ƴan kallo, wani lokaci lokacin sake gaisuwar ne.

To me ke sa haƙorin ya saki? Ku dubi bayan talabijin ɗin da aka rataye a bangon gidan kallo. Wayar na lilo, nauyinta ya rinjayi kan ya sunkuya ƙasa, ramin ya yi sako-sako saboda sa wa da cirewa kullum, ga jar ƙurar hunturu ta taru a ciki. Yaro ya jingina da teburi, waya ta motsa, murya ta tafi. Haka kuma doguwar waya mai arha, wadda aka ja daga wannan kusurwa zuwa waccan ta wuce mita goma, saƙon da take ɗauke da shi kan isa a raunane.

Wani zai ce, ai da waya ce da hoto ma ya yanke. Magana ce mai ma'ana, amma ido da kunne ba ɗaya suke ba. In ƴan ɗigo kaɗan suka ɓaci cikin hoton da ke sauyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa guda, babu mai lura. Ita kuwa murya, da zarar talabijin ta ga ƙunshin ya zo a gurɓace, ta gwammace ta yi shiru da ta saki ƙara mai tsaga kunne. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: a shiga saitin kwamfuta a rage girman hoto daga 1080 zuwa 720. Wannan kan sauke kusan rabin nauyin da wayar ke ɗauka. In yankewar ta tsaya, an kama ɓarawo, wayar ce ta gaza, kuma gajera mai kauri za ta raba gardama.

Batun wuta shi ne ya fi shafarmu, kuma a nan za mu daɗe. Wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa a Maradi da Damagaram, wani kasonta daga Najeriya yake shigowa, ta babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Kowa na tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta. A tsakanin nan da yawa suka koma ga janareta da faranti mai zuƙar rana, a ƙauyuka kuwa dama can su ne madogara. Talabijin da cajar kwamfuta an yi su ne don wutar da ke tafiya daidai. Ƙaramin janareta ba ya ba da haka. Da an kunna firji, ko injin walda na maƙwabci ya ja wuta a layi guda, ƙarfin sai ya faɗi na ɗan lokaci. Allon talabijin na iya jurewa bai mutu ba, amma sashen da ke karɓar saƙon HDMI ya yi tuntuɓe, gaisuwa ta warware. Ƙananan na'urori masu arha da ke juya wutar batir ta koma ta gida su ma ba sa fitar da wuta mai santsi, kuma sukan jefa hayaniya cikin wayoyi. Saboda haka mai gidan kallo ya sa kunne: murya na ɗaukewa ne daidai lokacin da kukan janareta ya sauya, ko ƙwan fitila ya yi ƙasa? In haka ne, ya zare cajar kwamfuta ya bar ta a kan batir ɗinta, ya raba firji da talabijin kada su sha daga rami guda. In abin ya lafa, kuɗin da za a kai wa mai gyara gara a sa su a na'urar daidaita wuta.

Ba mu wanke kwamfuta gaba ɗaya ba. A sa abin ji na kunne a raminta a kunna fim ɗin nan dai. In a can ma murya na tsinkewa, talabijin da waya sun kuɓuta: ko fim ɗin ne aka kwafo shi a lalace, ko intanet ne ke ja da baya, ko kwamfutar ta yi zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ko tabarma, ƙura ta toshe mata mashaƙar iska, takan rage gudu don ta tsira, sauti ya riƙa sarƙewa. Akwai kuma saiti. Duk talabijin mai HDMI an wajabta mata karɓar sauti mai hanya biyu, hagu da dama, a ma'aunin 48000, amma ba kowace ke gane Dolby ko DTS da ke cikin finafinan ƙetare ba. A Windows a zaɓi talabijin a matsayin inda sauti zai fita, a tsayar da shi a wannan ma'aunin, a kashe ƙarin kwalliyar sauti.

Masu tsofaffin kwamfutoci da ramin VGA, mai shuɗin kai da ramuka 15, su sani tun da IBM ta fito da shi a 1987 hoto kawai yake ɗauka. Dole a haɗa da wata wayar sauti daban. Ƴan akwatunan da ke juya HDMI zuwa VGA kuma yawanci da ɗan abin da ramin kwamfuta ke ba su na wuta suke rayuwa, kuma bai taka kara ya karya ba. In akwai gurbin ba su wuta ta USB, a ba su.

Wasu za su ce wannan duk wahala ce, a ja waya daga ramin abin ji zuwa babban lasifika a huta. Dabara ce mai kyau, gidajen kallo da yawa ma haka suka fi jin daɗi tunda muryar talabijin ba ta cika rumfa. Sai dai ɓoye ciwon ta yi. Wutar da ke hawa da sauka tana nan tana cin na'urorin a hankali, kuma sau da yawa za a ji wani gurnani a lasifikan muddin caja na jone. Wasu kuma za su ce mai gyara ya fi mu sani. Gaskiya ne, akwai ramin da ya ƙone, musamman bayan tsawar damina, kuma wannan aikinsa ne. Amma shi a shagonsa zai gwada talabijin da wayarsa da wutarsa, ya ga lafiya lau, ko ya sauya abin da bai lalace ba, a dawo gida a tarar da ciwon na jira. Ramin da ya ƙone ana gane shi tun a gida: a mayar da wayar rami na biyu na talabijin, in murya ta zauna, na farkon ne ya mutu.

Abin da muke roƙo shi ne a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a bar fim ya yi tafiya a ga sakamako, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya sauya waya da rami da saiti a tashi guda, ko murya ta dawo bai san me ya gyaru ba, gobe ma zai koma gidan jiya. Kuma a kashe na'urorin biyu kafin a zare ko a jona waya, musamman inda ake aiki da janareta.

Masu gidajen kallo na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, kafin ku ɗaura talabijin a bayan babur, ku ara gajeriyar waya wurin maƙwabci, ku zare caja, ku saurari janaretanku.