Waɗanda Suka Rage a Mariupol

Shirinmu na yau kan lambar yabo ta Pulitzer ne, amma kafin mu je ɗakin da ake raba ta a Amurka, bari in fara kai ku wani asibiti a birnin Mariupol na ƙasar Yukren, cikin watan Maris na 2022.

Birnin a kewaye yake da sojojin Rasha. Ba wuta, ba ruwan famfo, layukan waya sun mutu. A cikin asibitin akwai 'yan jarida na kamfanin dillancin labarai na AP, likitoci sun ba su fararen riguna irin nasu sun saka, don kada a gane su. Da asuba sai ga sojoji sun kutso, suna tambayar ina 'yan jaridar nan. Mai ɗaukar bidiyo Mstyslav Chernov ya dubi shuɗin ƙyallen da ke ɗaure a damatsansu, alamar sojan Yukren, yana tunanin ko 'yan Rasha ne suka yi shigar burtu. Ya yi shahada ya fito ya ce ga su. Ashe an turo sojojin ne musamman su fitar da su.

To me ya sa za a sa sojoji su sayar da rai saboda masu kyamara? Wani ɗan sanda ya ba su amsa. Ya ce idan aka kama ku, za a zaunar da ku gaban kyamara a tilasta muku ku ce duk abin da kuka ɗauka ƙarya ne, shi ke nan wahalarku ta tashi a banza.

Abin da suka ɗauka kuwa, duniya ta gani. Ranar 9 ga Maris jirgi ya jefa bam a asibitin haihuwa na birnin. Mai ɗaukar hoto na AP Evgeniy Maloletka ya ɗauki hoton wata mai tsohon ciki, maza sun ɗauko ta a kan gadon marasa lafiya suna ratsa ɓaraguzai da ita, hannunta dafe da cikinta, fuskarta ta yi fari fat. Ba ta rayu ba, jaririn ma bai rayu ba. Jami'an Rasha suka ce shiri ne, wasan kwaikwayo ne, har jakadansu ya ɗaga hotunan a zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ƙaryatawa. Ni a ganina nan ne darajar aikin take. Mai ƙarfi ya ce ba a yi ba, ga kuma wanda ya tsaya a wurin da idonsa, da hoto, da kwanan wata.

Ku ji yadda suke tura hotunan. Wuri ɗaya ne ya rage a birnin da ake samun sabis, gaban wani kantin da aka wawashe. Nan suke zuwa su tsuguna a ƙarƙashin matakala, su yanyanka bidiyo ƙanana-ƙanana su tura, bama-bamai na sauka. Daga baya nan ma ya ɗauke. Mafi yawan abin da suka ɗauka bai fita ba sai da suka fito da shi da kansu ranar 15 ga Maris, a cikin motar ɗan sandan nan tare da iyalinsa, suka wuce shingayen binciken Rasha 15. Shingaye 15, jama'a, kowanne ana leƙa mota. Sun ɓoye kayan aikinsu a cikin motar. Wani ɗan ƙaramin katin ajiyar bidiyo kuma, wanda wata ma'aikaciyar ceto ta aiko musu, abokiyar aikinsu Vasilisa Stepanenko ta cusa shi cikin audugar mata. Washegari aka kama wannan ma'aikaciyar ceton.

Aikin bai tsaya a fagen daga ba. Ranar 16 ga Maris aka ragargaza gidan wasan kwaikwayo na birnin, inda fararen hula suka fake. Da farko an ce mutum kusan 300 suka mutu. Su Lori Hinnant ta AP suka bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, suka samo zanen ginin, suka lissafa mutum nawa ke kwance a kowane ɗaki, binciken ya nuna adadin ya kusa 600. Wannan shi ne aikin bin diddigi, ba ƙarar bindiga a cikinsa, sai haƙuri da tambaya.

Ita Pulitzer a gurguje: mawallafin jarida Joseph Pulitzer ne ya bar wasiyyarta, aka fara bayarwa a 1917, Jami'ar Columbia ta New York ke kula da ita. Mafi girman rukuninta shi ne na hidimar jama'a, mai lambar zinare, kuma ita AP ta samu a watan Mayun 2023 saboda Mariupol. Hoton Maloletka ya zama hoton shekara a gasar World Press Photo. Fim ɗin da Chernov ya haɗa daga bidiyon ya ci Oscar a 2024, karon farko ga Yukren, kuma a kan dandamali ya ce da ma bai taɓa yin fim ɗin ba, da za a karɓi kyautar a ce ba a kai wa ƙasarsa hari ba. Na yarda da shi har zuciyata.

Lokaci na neman ƙwace mana. A nan gida Najeriya akwai lambar yabo ta Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf tun 2005. Akwai kuma waɗanda suka je ɗauko labari ba su dawo ba, irin su Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels, da aka harbe a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki. Nasu shiri ne guda, za mu kawo muku shi in Allah ya yarda. A nan za mu dakata, a huta lafiya.