Wasiƙa da Saƙo a Wurin Hausawa: Tsarinsu da Ma'anarsu

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, wato ɗan'uwa na gari shi ne mai takowa ya ga ɗan'uwansa. Sai dai Bahaushe mutum ne mai tafiya. Fatauci da ci-rani da neman ilimi da aikin hajji sun kai shi zangunan Kumasi da Akra a Gana, da Garwa da Yawunde a Kamaru, da Njamena a Cadi, har zuwa Mai Wurno a Sudan. Wanda ke can ba ya iya zuwa gida duk lokacin da ya so, don haka wasiƙa da saƙo ke zuwa a madadinsa.

Wannan takarda za ta nuna cewa wasiƙar Hausa ziyara ce aka mayar rubuce. Tana farawa da sallama, ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ke tafe da ita, sannan ta yi ban kwana. Ƙunshin kayan da ke rakiyarta kuwa shi ne tsarabar da baƙo zai riƙo in da da kansa ya zo. Ɗalibin da ya gane wannan zai fahimci dalilin da ya sa wasiƙa mai kyakkyawar Hausa kan iya zama rashin ladabi idan an tsallake wani sashe nata.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Aike

Kalmar wasiƙa daga Larabci take, inda asalinta ke nufin rubutacciyar shaida. A maganar yau da kullum akan kira ta takarda kawai. Saƙo ya fi ta faɗi, domin ya haɗa magana ta baki da rubutu da kuɗi da kaya. Akwai kuma kalmomi masu kusanci da juna da ɗalibai kan gauraya:

Tsaraba ita ce abin da matafiyi ke kawo wa mutanen gida idan ya dawo, ko ya kai wa waɗanda zai sauka wurinsu.

Guzuri shi ne abincin da kuɗin da matafiyi ke riƙewa don amfanin kansa a hanya.

Sautu shi ne a ba mai tafiya kasuwa ko wani gari kuɗi ya sayo wa mutum wani abu.

Tukwici shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo kyauta, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici.

Wasu kalmomin sun shigo ne a zamanin mulkin Turawa. Ana ce wa inda ake aika wasiƙa gidan waya saboda a nan ne ake buga saƙon waya tun kafin tarho ya yaɗu. Ƴar takardar da ake manna wa a bayan ambulan kuwa sunanta kan sarki, domin a Nijeriya ta lokacin tana ɗauke da hoton kan sarakunan Ingila, irin su Edward na 7 da George na 5. Sarakunan sun daina fitowa a jikinta, amma sunan ya zauna.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Rubuta wasiƙa ya riga gidan waya zuwa ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 sarakunan daular Sakkwato suna aika wa juna takardu da Larabci, a buga musu hatimi, manzo ya ɗauka a kan doki ko a ƙafa. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan takardu a gidan Waziri Buhari, kuma H. F. Backwell ya buga fassarar wasu daga cikinsu a 1927.

Malamai sun ɗauki rubuta wasiƙa a matsayin fanni mai ƙa'ida. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna a Salaga da Kete-Krachi cikin Gana ta yau, ya kuma rasu a 1934, ya tsara wani littafi na Larabci a 1877 mai koyar da yadda ake rubuta wa kowane irin mutum gwargwadon matsayinsa. Daga wannan al'ada ta malamai ne wasiƙar Hausa ta gaji kalmomi irin su amma ba'adu, wadda ta zama bayan haka, da haza wassalam ta rufewa.

Fatake da almajirai sun riƙa rubuta wa juna da ajami. Boko ya shigo daga baya ta hanyar makarantu, kamar wadda Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan ya ƙara bazuwa da azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1950. Makarantar boko ce ta kawo al'adar sa adireshi da kwanan wata a saman takarda. Sauran jikin wasiƙar kuwa ya ci gaba da bin tsohon tsari.

4.0 Tsarin Wasiƙa

Wasiƙar zumunci tana da sassa 5, kowanne yana da takwaransa a ziyarar ido da ido.

Na farko shi ne sallama da ambaton wanda aka rubuta wa. A tsohon salo akan ce takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane. Yanzu an fi cewa zuwa ga mahaifina, ko zuwa ga aminina.

Na biyu shi ne gaisuwa. A nan ake tambayar lafiya da iyali da aiki da yanayin da ake ciki, ko damina ko sanyi ko azumi. Kamar yadda baƙo ba ya shiga zaure ya fara faɗin buƙatarsa, haka wasiƙa ba ta fara batun kuɗi a layin farko.

Na uku shi ne maƙasudi, kuma kalmomin bayan haka ke buɗe shi. Da mai sauraro ya ji su ya san an zo ga abin da ya kawo takardar.

Na huɗu shi ne saƙon gaisuwa ga sauran dangi da maƙwabta. Jerin yana bin girma: a fara da manya, a sauko ga ƙanana. Wanda aka manta da shi yakan ji haushi, domin a gaban jama'a ake karantawa.

Na biyar shi ne addu'a ko neman addu'a, sai rufewa da sa suna.

Ga misali da aka tsara don koyarwa, na wasiƙar ɗan ci-rani zuwa ga mahaifinsa:

Zuwa ga mahaifina. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake nan lafiya. Yaya Inna da mutanen gida? Yaya ruwa? Bayan haka, ina sanar da ku na sauka Kumasi lafiya, na sami masauki wurin mutanen garinmu. Ga saƙo nan hannun mai kawo wannan takarda: kuɗi jika 20, atamfa turmi 2, ɗaya na Inna ɗaya na iyali, da goro ƙwarya 1. A sayi hatsi da jika 15, sauran a riƙe don cefane. A gaida Baffa da Kawu da Gwaggo da Liman. Sauran bayani yana bakin mai kawo takarda. Ku sa ni a addu'a. Haza wassalam. Ni ne ɗanku.

Abubuwa 3 ne ya kamata ɗalibi ya lura da su a nan. Ɗan ya yi amfani da ku maimakon ka, wato jam'in girmamawa. Bai ambaci sunan matarsa ga mahaifinsa ba, ya ce iyali, saboda kunya. Sannan ya yi ƙidaya irin ta kasuwa: a Nijar jika ɗaya ita ce sefa 1000, ƙwaryar goro kuwa goro 100 ce.

5.0 Marubuci da Makaranci da Mai Ɗauka

Sau da yawa wasiƙa kan bi ta hannun mutum 3 tsakanin mai ita da wanda aka aika wa. Wanda bai iya rubutu ba yakan je wurin malamin unguwa, ko ɗan makaranta, ko masu rubuta wasiƙa don kuɗi da ke zama a bakin gidan waya da kotu. A can gida ma sai an nemi wanda zai karanta. Tsakaninsu kuma ga mai ɗauka.

Wannan ya shafi harshen wasiƙa ƙwarai. Tun da wasu kunnuwa za su ji, ba a zuba sirri a takarda. Mace mai rubuta wa mijinta takan kira shi Malam ko Alhaji ko maigida. Uwa takan kauce wa sunan ɗanta na fari. Batun juna biyu ko rikicin aure ko bashi akan sakaya shi, ko a bar shi ga amintaccen mutum ya faɗa da baki. Nan ne amfanin jimlar nan ta sauran bayani yana bakin mai kawo takarda.

Mai ɗauka yakan kasance ɗan gari mai komawa gida, ko falke, ko direban mota. Mutane da yawa sun fi son wannan hanya a kan gidan waya saboda ƙauyuka da dama ba su da gidan waya kusa, gidaje ba su da lamba, kuɗin aika kaya kuma yana ƙaruwa da nauyinsu. Wanda ya bi ta gidan waya yakan ari lambar akwatin makaranta ko ta wani attajirin garin. Direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina, ko Damagaram zuwa Kano, ko Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato, ya san tasha ya san mutanenta, yana kuma iya kai saƙo cikin yini guda.

6.0 Abin da Ke Cikin Ƙunshi

Kayan saƙo sun danganta da inda suka fito. Daga gida zuwa ga wanda ke baƙunta, ko ɗan makarantar kwana ko almajiri ko amaryar da aka kai wani gari, abinci ake aikawa. Ana zaɓen wanda zai jure kwanaki a mota cikin zafi: kilishi, dambun nama, ƙuliƙuli, dakuwa, alkaki, cuku, dabino, man shanu, yaji, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Yawancinsu an shanya su ne ko an soya su, shi ya sa ba sa saurin lalacewa. Wanda ke Akra ko Abijan yana iya sayen abinci a kasuwa, amma daddawar da uwarsa ta yi da hannunta tana gaya masa ba a manta da shi ba.

Daga baƙunta zuwa gida kuwa kuɗi ne kan gaba, sai atamfa da shadda da goro da sabulu da turare, musamman gab da salla ko farkon damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

A nan wasiƙa take komawa ga ma'anarta ta asali, wato shaida. Tana lissafa abin da aka aiko da adadinsa da mai kowane kaso. Wannan lissafi yana kare mai ɗauka daga zargi, yana kuma hana gardama tsakanin kishiyoyi ko ƴan'uwa wajen rabo. Saƙo amana ne, kuma wanda ya ci amanar saƙo sau ɗaya ba a ƙara ba shi. Wanda ya karɓa wajibi ne ya mayar da amsa cewa kaya sun iso, ya yi godiya, ya sallami wanda ya kawo da tukwici.

7.0 Sauye-sauyen Zamani

A shekarun 1980 da 1990 wasu ƴan ci-rani sun koma ɗaukar muryarsu a kaset, abin da ya raba su da buƙatar marubuci da makaranci. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta kuma game yankin cikin ƴan shekaru. Daga baya saƙon murya na WhatsApp ya karɓi aikin kaset, kamfanonin tura kuɗi suka karɓi aikin ambulan. Wanda ya saurari irin waɗannan saƙonni na murya zai ji tsarin wasiƙa yana nan: sallama, doguwar gaisuwa, bayan haka, jerin waɗanda za a gaida, sai addu'a.

Ƙunshin kaya bai gushe ba, tun da ba a tura kilishi ta waya. Yanzu akan rubuta suna da lambar waya a jikin buhu ko kwali a ba direba a tasha. Sai dai an sami sababbin matsaloli. Rufe iyakokin ƙasa da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sun wahalar da kai saƙo tsakanin dangi na ɓangarorin biyu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da nama da kayan madara daga Afirka cikin kayan matafiyi ko ta gidan waya, don haka kilishi da cuku kan ƙare a hannun jami'an kwastan. Tsoron miyagun ƙwayoyi kuma ya sa matafiyan jirgin sama ba sa karɓar ƙunshi sai an buɗe shi a gabansu, abin da a da za a ɗauka rashin yarda ne.

8.0 Kammalawa

An ga cewa kowane sashe na wasiƙar Hausa yana tsaye ne a madadin wani abu da mai ziyara zai yi da kansa, saƙon kaya kuma yana cika wannan ziyara. Hausawa sun san zuwa da kai ya fi saƙo, shi ya sa suke ƙoƙarin saƙon ya yi kama da zuwan. Ga ɗalibin harshe, tsofaffin wasiƙun ajami da na boko da ke cikin akwatunan gidaje suna ɗauke da karin harshen masu su, da salon gaisuwarsu, da farashin kayan zamaninsu. Gara da ruwan sama suna cin su, kuma ba a rubuta sababbi da yawa. Yana da kyau ɗalibi ya nemi izinin masu irin waɗannan takardu ya kwafe su, ya fitar da sassan nan 5 a cikinsu, sannan ya kwatanta su da saƙon murya na yau.