Tsaunin Mambila: Mu San Ƙasar, Mu Kare Arzikinta

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Mambila ne ta ɗayan hanyoyi uku: ganyen shayin da ake kawowa daga can, ko labarin madatsar ruwan lantarki da aka daɗe ana jira, ko kuwa labarin rikici idan ya ɓarke. Ƙasar kanta, da mutanen da ke cikinta, da yadda suke samun abinci, ba kowa ya san su ba. Rashin sanin nan yana da illa, domin abin da mutum bai sani ba, da wuya ya kula da shi. Arzikin Mambila gaba ɗaya ya dogara ne a kan abubuwa uku masu saurin lalacewa: ƙasar noma, da ciyawa, da idanun ruwa. Idan suka lalace, na kan tsauni ne za su fara ji a jikinsu, amma asarar za ta gangaro har ta iske mu da muke ƙasa.

Ina ne Mambila?

Tsaunin Mambila yana kudu maso gabashin Jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Kusan dukkansa yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, mai hedikwata a Gembu. Ba dutse ba ne guda mai tsinin kai. Tudu ne babba mai faɗin kai, wanda idan aka hau shi sai a tarar da wata ƙasa sukutum a samansa, da garuruwa, da gonaki, da rafuka, da ƙananan tuddai masu lulluɓe da ciyawa har iyakar ganin ido. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga bakin teku, kuma babu wani tudu irinsa a Nijeriya da ya kai shi tsawo. A kusa da shi, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda shi ne wuri mafi tsawo a ƙasar nan.

Matafiyin da ya taso daga Jalingo yakan bi ta Bali da Serti, ya iso Mayo Selbe a gindin tsauni. Daga nan hanya ke fara murɗewa tana hawa, har a fito Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. A 'yar tazarar nan ta hawa ake barin zafin kwarin Binuwai a shiga sanyi.

Dalilin sanyin ba wani abin mamaki ba ne. Duk mita 1,000 da aka hau sama, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6. Shi ya sa a Mambila da wuya zafin rana ya wuce digiri 25, da dare kuwa sai da bargo. Tsayin ne kuma ke jawo ruwa. Iska mai ɗauke da danshi tana tasowa daga tekun Atalantika, idan ta ci karo da tsauni sai ta yi sama, ta huce, ta zubar da abin da ta ɗauko. Saboda haka damina a can takan fara tun wajen watan Maris ko Afrilu, ta kai Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya ninka na Kano wajen sau biyu.

Mutanen tsauni

'Yan ƙabilar Mambila, waɗanda tsaunin ya ci sunansu, manoma ne da suka daɗe a wurin, kuma suna da 'yan'uwa a tsallaken iyaka cikin Kamaru. Tare da su akwai Kaka, da Panso, da Kambu, da Fulani makiyaya, da Hausawa 'yan kasuwa, sannan a gefen tsaunin akwai Ndola da Tigun. Kowace al'umma da harshenta, amma a kasuwa Fillanci ne ya fi haɗa mutane, sai Hausa. Akwai Musulmi, akwai Kirista, wani lokaci ma a cikin dangi ɗaya.

Tarihin shigar yankin cikin Nijeriya shi ma abin sani ne. Da farko yana cikin Kamarun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, wato ƙasar da aka ba wata gwamnati riƙo a madadin duniya. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi kasancewa da Nijeriya. Aka sa wa sabon lardin sunan Sardauna don girmama Sa Ahmadu Bello, kuma sunan ne ya rage a kan ƙaramar hukumar har yau. Wato mutanen Mambila da ƙuri'arsu suka shigo cikinmu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mu ɗauki lamarinsu da muhimmanci.

Noma da kiwo

Sanyi da yawan ruwa sun ba Mambila damar noman abin da ba ya yi a yawancin ƙasarmu. Masara ce babban abinci, ga wake, da gwaza, da dankalin Hausa, da dankalin Turawa, da ayaba, da piya. Akwai kofi irin na kan tudu, wanda ba ya son zafi. A Kakara kuwa akwai gonar shayi da masana'antar sarrafa shi, inda ake yin shayin Highland Tea, kuma ƙananan manoma da ke kewaye suna noma ganyen su sayar wa masana'antar.

Amma yawan ruwa yana da nasa sharrin. Ruwa mai yawa yana wanke sinadaran da shuka ke ci, ya nutsar da su ƙasa inda saiwa ba ta kai, ya bar ƙasar da tsami. Ƙarfin gona a irin wannan wuri yana cikin 'yar baƙar ƙasar da ke sama ne, wadda ruɓaɓɓen ganye da ciyawa suka tara a hankali cikin shekaru masu yawa. Manoman Mambila na da sun fahimci haka. Idan gona ta gaji, sukan shuka wani tsiro da suke kira yom, wanda Hausawa suka sani da magimfa, su bar shi ya yi shekara ɗaya ko biyu. Magimfa dangin wake ce: saiwarta tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun takin zamani, ganyenta kuma yana rufe ƙasa daga dukan ruwa. Ilimi ne na gida, wanda malaman gona na yau suka tabbatar da ingancinsa.

Ta fuskar kiwo, babbar baiwar tsaunin ita ce ƙarancin ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore. Ga ciyawa kore mafi yawan shekara, ga ruwa a kowane kwari. Wannan ya jawo makiyaya, kuma a cikin ƙarni na 20 garkuna suka yawaita ƙwarai, har Mambila ta zama ɗaya daga wuraren da shanu suka fi cunkoso a Nijeriya. Nono da man shanu da nama na can sun yi suna, kuma manyan motoci na sauko da shanu zuwa kasuwannin kudu da na arewa.

Inda matsalar take

Faɗin tsaunin bai ƙaru ba, amma mutane sun ƙaru, shanu sun ƙaru. Daga nan matsalolin suka samo asali, kuma kowace tana haifar da 'yar'uwarta.

Da gonaki suka yi kaɗan, sai aka rage hutar da ƙasa. Gonar da a da ake barinta ta huta da magimfa, yanzu ana nomanta kowace shekara, har a kan gangare mai tsananin tsaye. Da shanu suka yi wa makiyaya yawa, sai suka cinye ciyawa mai daɗi tun ba ta zubar da iri ba, wata ciyawa mai tauri da dabba ba ta so ta maye gurbinta. Hanyar da garke ke bi kullum zuwa mashaya takan zama tsirara, ruwan sama ya same ta ya mai da ita kwazazzabo. Wannan ita ce zaizayar ƙasa: ruwa ya kwashe ƙasar sama ya tafi da ita. Abin da aka yi shekaru aru-aru ana tarawa, damina kaɗan ta isa ta share shi. Ƙonen daji da rani, wanda ake yi don sabuwar ciyawa ta tsiro, yana ƙara tsiraita ƙasa daidai lokacin da ruwan farko zai sauka, kuma yana cin bakin kurmi kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma batun itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. An shigo da shi ne don katako da itacen girki, ya kuwa yi amfani, domin yana girma da sauri kuma yana kawo kuɗi. Sai dai itace ne mai shan ruwa sosai. Idan aka dasa shi a kan tudu, babu laifi. Idan aka dasa shi a bakin idon ruwa ko cikin fadama, sai rafi ya riƙa ƙafewa da wuri. Haƙar duwatsu masu daraja, musamman shuɗin yakutu a wajen Nguroje, ita ma ta bar ramuka da gurɓataccen ruwa a inda aka yi ta ba bisa tsari ba.

Idan ƙasa mai kyau ta ragu, manomi da makiyayi sukan haɗu a wuri ɗaya, wato kwari mai laima, inda wannan ke son shuka, wancan ke son shayar da dabba da rani. Bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, masu hali sun sami takardun mallakar manyan filaye suka kewaye su da waya, abin da ya ƙara matse ƙaramin manomi da ƙaramin makiyayi baki ɗaya. Rikicin da aka yi a 2017, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya a cikinsa, ya nuna inda matsi ke kai mutane idan ba a yi maganinsa da wuri ba. Wanda ya kalli rikicin ta fuskar ƙabila kawai, bai ga saiwarsa ba.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Tsaunin Mambila tamkar randa ce da aka ɗora a sama. Ciyawa da kurmi suna tare ruwan damina, su bar shi ya nutse, sannan ya riƙa tsattsafowa a hankali ta idanun ruwa har ƙarshen rani. Daga nan kogin Donga ya faro, ya gangara ya shiga Binuwai, Binuwai kuma ta wuce Makurɗi ta haɗu da Kwara a Lokoja. Idan aka tsiraita tsaunin, ruwan zai sauko gaba ɗaya lokaci guda, ya zama ambaliya da damina, ya zama ƙamfa da rani. Masunci da mai noman rani da ke nesa da Gembu, waɗanda ba su taɓa ganin tsaunin ba, su ma abin zai taɓa su.

Madatsar lantarkin da aka tsara yi a kan kogin Donga, wadda a baya aka ce za ta ba da megawat 3,050, ita ma rayuwarta tana hannun ciyawar nan. Kogin da ke ɗauke da laka yana cike madatsa da yashi, ya rage mata kwana. Sannan akwai kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga 'yan kurmin kan tudu da suka rage a ƙasar nan, inda ake samun itatuwa da tsuntsaye da manyan birai da ba kasafai ake ganinsu a wani wuri ba. Irin wannan kurmi idan ya tafi, kuɗi ba ya dawo da shi.

Abin da kowa zai iya yi

Manomi a kan gangare ya ja kunyarsa a gicciye, kada ta bi gangaren daga sama zuwa ƙasa, domin kunyar da ta bi gangare hanya ce aka share wa ruwa. Ya bar layin ciyawa tsakanin kashin gona da kashi, ya mayar da karan masara cikin ƙasa maimakon ƙonawa, ya dawo da magimfa ko wake a gonar da ta gaji. Takin zamani yana taimakawa, amma ba ya riƙe ƙasa.

Makiyayi ya riƙa juya wurin kiwo, ya bar wani sashe ya huta har ciyawa ta zubar da iri. Shanu ɗari masu ƙiba sun fi ɗari biyu ramammu kuɗi a kasuwa, kuma sun fi ba da nono. Canja hanyar zuwa mashaya lokaci-lokaci yana hana kwazazzabo kafuwa. Idan ƙone ya zama dole, a yi shi tun farkon rani, a kuma share iyaka don kada wuta ta shiga kurmi.

Mai dashen itace ya nisanta turare daga idon ruwa, ya dasa itatuwan asali na wurin a bakin rafi. Jauro da arɗo da mai unguwa, da limamai da fastoci, su zauna tun kafin damina su tabbatar da burtali da mashaya, kowa ya san iyakarsa. Ɓarnar gona ko ta dabba a kai ta gaban masu sulhu a ranar da ta faru, a biya diyya bisa adalci, kada a bari ta kwana ta zama gaba.

Hukuma kuma nata shi ne gyaran hanyar hawa tsaunin, domin manomin da ayabarsa da piyarsa ke ruɓewa kafin su kai kasuwa ba shi da halin kula da gona. Nata ne ta tura malaman gona da na dabbobi ƙauyuka, ta duba rabon filaye da gaskiya, ta tilasta wa masu haƙar ma'adinai cike ramukansu.

Mu da muke nesa, mu ma muna da rabonmu. Mu sayi shayi da kofi na gida idan mun gan su a kanti. Idan labarin tashin hankali ya zo mana ta waya, mu tantance kafin mu tura, kada mu zuba wa wuta fetur daga inda hayaƙinta ba ya iske mu. Malamai su koya wa yara inda Mambila take da abin da take ba mu. Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da alkawarin madatsa, mu tambaye su abin da suka tanadar wa ƙasar da ke ba madatsar ruwa, da kuma mutanen da za a tasa daga gonakinsu. Gyaran ƙasar da ta zaizaye yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, kare ta kuwa aiki ne da kowa zai iya farawa a daminar bana.