Ko Kun Sani? Garejin Kekuna Mafi Girma a Duniya

Ko kun san cewa wurin ajiye kekuna mafi girma a duniya yana birnin Utrecht na ƙasar Holan? Yana ɗaukar kekuna 12,500 a lokaci guda, kuma a shekarar 2019 aka gama buɗe shi gaba ɗaya, a jikin babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin.

Ginin hawa uku ne, ba a rufe shi dare da rana. A kan kekenka za ka shiga har ciki, allunan lantarki suna nuna maka layin da ke da gurbi. Awa 24 na farko kyauta ne, sai bayan nan a fara biya.

Dalilin gina shi kuwa shi ne tashar Utrecht ta fi kowace tasha a ƙasar cunkoso, kuma ɗimbin ma'aikata da ɗalibai da keke suke zuwa su hau jirgi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tuƙin keke ba ya gajiyarwa.

Saboda yawan masu keke, baƙo ya kiyaye. Jan titin da ke gefen hanya na masu keke ne, kada ka taka shi da ƙafa. In ka yi hayar keke, kunna fitila da dare, kuma kada ka riƙe waya kana tuƙi, domin tun 2019 doka ta hana, akwai tara. Keken da aka jingine barkatai kusa da tashar kuwa, hukumar birni na iya kwashe shi.